Nomau Mai Haƙar Rijiya da Kunnen Surukinsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can cikin ƙasar yashi, tun zamanin da ba a san famfo ba balle burtsatse. Sunansa Nomau, sana'arsa haƙar rijiya. Ku matso kusa, jama'a, ku saurara. Da labarin mugu zan ba ku, da kowa ya gyara zama ya ce ai ba da ni ake ba. To wannan labarin mutumin kirki ne, irin wanda ranar jana'izarsa kasuwa ke watsewa, kuma shi ya sa nake so ku ba ni kunnuwanku.

Nomau dai ba a taɓa jin muryarsa sama da ta wani ba. In an cuce shi, sai ya ce Allah ya kyauta. In an kawo wa ma'aikata abinci, shi ne na ƙarshen sa hannu. In rami ya yi wuyar shiga, shi ne na farkon ɗaura igiya a ƙugu. Ga kunya kamar me, har mutanen garin kan ce wa 'ya'yansu, ku dubi Nomau ku koyi zama da manya.

Wanda ya koya masa aikin wani dattijo ne, Baba Cindo. Shi ya ɗauke shi tun yana saurayi, ya nuna masa yadda ake riƙe dagi, daga baya kuma ya ba shi auren 'yarsa Tabawa. Kun ga ke nan ubangidansa ne, kuma surukinsa ne. Da ƙarfin tsohon ya ragu, sai ya tara ma'aikata ya ce daga yau Nomau ne shugabanku, ni kuwa ku bar mini zaman bakin rijiya.

Bari in gaya muku abin da ake nufi da zaman bakin rijiya, don na ga yaran yanzu ko guga ba su iya jefawa ba. Mutum ɗaya ne ke can ƙasa yana haƙa, yana cika kwando. Masu jan igiya suna tsaye nesa da rami, igiyar ta bi ta kan gungumen da aka ɗora bisa gwafa biyu, su kuma suna ja da baya da baya. Ba sa jin abin da na ciki ke faɗi. Saboda haka dole a sami mutum a tsakani, ya zauna daf da baki ya kasa kunne. In na ciki ya ce a ja, ya ce a ja. In ya ce a saki, ya ce a saki. In kuwa ya ce ku fid da ni, to ko me ake yi a yar, a jawo igiyar ƙugunsa. Ran na ciki yana hannun Allah, sannan yana kunnen mai zaman baki.

Ana nan, ana nan, sai kunnen Baba Cindo ya fara nauyi. Nomau ne ya fara ganewa, wata rana yana ƙasa, ya yi ta kiran a ja kwando, shiru, sai da ya kwarara murya sannan tsohon ya amsa. Ya fito, ya karkaɗe jikinsa, ya dubi surukinsa yana zaune da hularsa a karkace yana murmushi, sai bakinsa ya yi nauyi. Ku ma kun san kunyar suruki a wajenmu. Mutumin da ba ka faɗin sunansa, ba ka cin abinci a gabansa, in ka hango shi tun daga nesa ka tuɓe takalmi ka durƙusa, ta ina za ka fara ce masa Baba, ka kurumce?

Sai Nomau ya yi dabara. Ya rage shiga rami, ya riƙa tsayawa kaɗan a bayan tsohon kamar mai naɗe igiya, alhali kunnensa na ƙasa. In na ciki ya yi kira, sai ya ɗaga wa masu ja hannu ta bayan Baba Cindo. Ba a jima ba ma'aikata duk suka gane. Idanunsu na kan hannun Nomau, bakinsu na cewa to Baba. Wani lokaci ma kwando ya kusa fitowa sannan tsohon zai ce a ja, su kuwa su amsa masa da ladabi, babu mai dariya. Babu wanda ya ce wa wani komai. Shi kuwa Nomau, in ya koma gida, har wani daɗi yake ji a ransa, wai ya rufa wa babba asiri.

Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, farka, yanzu aka zo wurin.

Wata shekara tsohuwar rijiyar garin ta soma ƙafewa, mata suna tafiya mai nisa kafin su samo ruwa tulu ɗaya. Mai gari ya sa a haƙa sabuwa. Aka yi ta aiki har rami ya yi zurfi, aka wuce jar ƙasa, aka wuce marmara, aka shiga yashi, wurin da kowane mahaƙi ke tsoro. Ran nan da hantsi, wanda ke ƙasa wani magidanci ne mai suna Mantau, mai mata da ƙananan 'ya'ya, ba shi da abin dogaro sai gonarsa da ƙarfin jikinsa. Sai ga saƙo daga mai gari, wai Nomau ya zo ya duba itacen da za a ɗaure bakin rijiyar da shi.

Nomau ya tsaya yana wasiwasi. In ya ce a fito da Mantau sai ya dawo, tsohon zai tambayi dalili. In ya ce wa wani ya matso ya tsaya a madadinsa, tsohon zai tambayi dalili. Dalilin kuwa shi ne abin da ba ya iya furtawa. Ya ce a ransa, ai gidan mai gari ba nisa, yanzu zan dawo. Ya durƙusa ya yi wa surukinsa sallama, ya tafi. Masu jan igiya suka dubi juna, kowa ya ce a zuciyarsa tunda Maigida ya tafi bai ce komai ba, ya san abin da ya taka.

Yana kan hanyar dawowa ya ji salati. Ɗaya daga cikin masu ja ne ya ga ƙura tana tasowa daga ramin, ya ruga ya leƙa. Gefen rijiya ya zabtaro. Yashi ya binne Mantau har ƙirji, wani ɓangaren marmara kuma ya faɗo masa a cinya. Nomau bai tsaya tambaya ba, ya ɗaura igiya ya sauka, ya yi ta tono da hannuwansa, yashi na ci gaba da zubo masa a ka, har Allah ya sa aka fito da su duka biyun da rai. Mai ɗori ya duba ƙafar ya ce ƙashi zai haɗu, amma ba za ta miƙe kamar da ba, shiga rijiya kuwa Mantau ya gama.

Gari ya ɗauka: Nomau namiji, Nomau ya sayar da ransa. Mata na sa masa albarka ta kan katanga. Da yamma aka cika ɗakin Mantau ana jaje, sai ga Baba Cindo ya shigo. Ya tsugunna a gaban gadon, ya ce, “Ɗana, gaya mini tsakaninka da Allah. Ka yi kira?”

Mantau ya dubi Nomau, Nomau ya dubi ƙasa. Sai Mantau ya yi ƙoƙari ya ɗaga murya yadda tsohon zai ji, ya ce, “Ban sami damar kira ba, Baba. Farat ɗaya ta zubo.”

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya. Jama'a suka ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kafin a tashi Baba Cindo ya ce gari na cikin ƙishirwa, jibi a koma aiki, shi kuma zai zauna a wurinsa kamar kullum, ya ƙara sa kunne. Nomau ya ji bakinsa ya ce, to Baba.

Ku saurara, jama'a. Ga ƙofa nan a buɗe. An yabe shi, an wanke tsoho, an ɗora wa ƙaddara, wanda abin ya sama da kansa ya rufe maganar. Da yawanmu da nan za mu tsaya, mu ce daga yanzu dai ba zan ƙara matsawa daga bakin rami ba, shi ke nan. Amma Nomau duk wanda ya ce masa sannu da ƙoƙari, sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Abinci ya ƙi shiga. Tabawa ta tambaye shi ko jikinsa ne, ya ce a'a, ya kasa haɗa ido da ita.

Washegari da hantsi ya ɗauki fura ya koma wurin Mantau, ya tarar babu kowa. Suka gaisa, sai ya lura muryar Mantau a dishe take, kamar wanda ya wuni yana kiran shanu. Ya ce masa, don girman Allah ka gaya mini yadda aka yi. Mantau ya yi ta kaucewa, Nomau ya nace. Can sai Mantau ya ce shi ya ga yashi ya fara tsiyaya daga gefe tun da sauran lokaci, lokacin da da an ja shi da ya fito lafiya lau. Ya yi kira, ya ƙara, ya yi ta yi.

“Amma ba Baba na kira ba,” in ji shi. “Na san Baba ba ya ji, duk mun sani. Sunanka na yi ta kira, Maigida. Na ɗauka kana nan a tsaye.”

Bai faɗa da fushi ba, kuma wannan ne ya fi kashe Nomau. Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage ya shige. Ya ajiye ƙwaryar furar, ya fita ko sallama bai iya yi ba, bai zame ko'ina ba sai gonarsa. Ya zauna a gindin wata tsamiya ya sa kansa a gaba, ya yi wa kansa tambayar da ba ya so: Nomau, wa kake karewa duk tsawon lokacin nan?

Da farko zuciyarsa ta ce, mutuncin Baba. Ya ce to, in mutuncin Baba ne, ina mutunci a ce dattijo na zaune yana ba da umarni, yaransa na kallon hannun wani a bayansa? Ya ƙara tonawa, kamar yadda ya saba tona ƙasa, har ya kai ga abin da ke ƙarƙashi. Ashe tsoro yake ji. Tsoron kada a ce Nomau marar kunya, an ba shi shugabanci ya tsige wanda ya ba shi. Yana son sunan nan na mai kunya, yana son yadda ake nuna shi ga yara. Sunan ya yi ta lallaɓawa, ƙafar Mantau ta biya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani, to ran nan Nomau nasa ya duba, ya yi kuka kamar ba babba ba.

Kuka kuwa ba ya hana gobe zuwa, kuma gobe wani magidancin zai sauka ramin nan. Magana ta zama dole. Saura yadda za a yi ta.

Ya yi tunanin ya aika wani aminin tsohon, kamar yadda aka saba yi da suruki. Ya ga wannan ma gudu ne, kuma ƙara kunne ne a kan sirrin da bai kamata ya yaɗu ba. Ya yi tunanin ya same shi a zaure. Ya tuna mutumin ba ya ji sai an ɗaga murya, matan gida da jikoki duk za su ji. Sai ya je bayan azahar ya durƙusa, ya roƙi Baba Cindo ya raka shi bayan gari ya duba masa wani wuri. Suka tafi, tsohon a gaba, shi a baya, har suka wuce gonaki, inda babu kowa sai tsuntsaye.

Nan Nomau ya tuɓe takalmansa ya tsugunna, kai a sunkuye, ya fara magana ƙasa-ƙasa yadda ya saba. Tsohon ya karkato ya ce, me ka ce? Ya maimaita. Tsohon ya ce, ɗaga murya mana. Wayyo, jama'a, ku dubi wannan jarrabawa. Mutumin da bai taɓa kallon tsakiyar idon surukinsa ba, yau sai ya ɗaga kai ya dube shi don ya ga bakinsa, sai kuma ya ɗaga masa murya. Ya ɗaga kan, ya ɗaga muryar.

“Baba, na zo in faɗi laifina. Mantau ya yi kira, ya daɗe yana kira. Kunnenka ya yi nauyi, Baba, ba ka ji ba. Ni na sani, na ɓoye maka, kuma na tafi na bar shi a ƙasa. Alhakin ƙafarsa a wuyana yake.”

Baba Cindo ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya ce, tun yaushe ka sani? Nomau ya ce tun kafin daminar bara. Ya ce, to yaya aka yi aiki ke tafiya? Nomau ya gaya masa zancen hannu, bai rage komai ba. Ya ce, yaran duk sun sani? Nomau ya ce sun sani.

Tsohon ya nemi kututture ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.  Sannan ya dubi Nomau ya buɗe baki.

“Na daɗe ina jin duniya tana yi mini shiru. Na so in ajiye zaman nan da kaina. Sai in duba in ga kwando na fita daidai, in ce ashe da saurana. Kai ka sa na yarda da saurana.” Ya share ido da bakin rigarsa. “Na ba ka sana'a, na ba ka 'ya. Magana guda ce ta gagare ka ka ba ni?”

Nomau ya ce a gafarce shi, ya sake cewa a gafarce shi. Tsohon ya mai da hularsa, ya tashi ya nufi gari, bai waiwayo ba.

Da safe ma'aikata suka taru a bakin rami, wurin zaman Baba Cindo babu kowa. Nomau ya tsaya a gabansu, ya ce kada wanda ya ƙara yabonsa a kan fito da Mantau, domin shi ya jefa shi. Ya ce ya ga abin gyara ya yi shiru, shirunsa ya koya musu shiru. Ya ce daga yau duk wanda ya ga abin da zai cuci wani, ko a jikin igiya ne, ko a jikin shi Nomau ne, ya faɗa, in yana jin nauyi ya ja shi gefe. Ya zaɓi mai kaifin ji ya zaunar da shi a baki, shi kuma ya ɗaura igiya ya sauka da kansa. Aka gama rijiyar, gari ya sha ruwa, ba a ƙara jin ko ƙwarzane ba.

Kada ku zaci komai ya koma daidai. Abin da Nomau ke tsoro sai da ya same shi, wasu a gari suka ce ya ture tsoho don ya sake. Ya ji, bai kare kansa ba, domin kare kansa sai ya tona abin da ya wajaba ya rufe. Baba Cindo bai ƙara taka bakin wata rijiya ba, kuma an daɗe gaisuwa kawai ke haɗa su kafin zuciyarsa ta sauko. Gonar Mantau kuwa Nomau ya riƙa nome ta kafin tasa, kowace damina. Mantau ya warke da ɗingishi, da shi ya koma ga Allah. Duk ranar da Nomau ya hango shi yana jan ƙafa a kasuwa, sai kunyar ta dawo masa sabuwa, amma ba ya canza hanya, sai ya je ya gaishe shi.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Kunya abu ce mai kyau, malamanmu sun karantar da mu tana cikin imani, kuma wanda ba shi da ita Allah ya shirye shi. Amma akwai wadda ake yi don Allah, akwai wadda mutum ke yi don a ce masa mai kunya, kuma babu mai iya bambance su sai wanda ya zauna ya tuhumi kansa. Duk wanda aka ba shi riƙon mutane, ko mutum biyu ne, ya fara sanin abin da ke motsa shi. Ya san abin da ya fi nauyi a ma'auni, ran mutum ko jin daɗin fuska. Sannan ya koyi faɗin magana mai ɗaci a inda ya dace, a keɓe, da ladabi, ya fara da nasa laifin. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Kuma kada wani ya ce ni ba shugaba ba ne. Kai maigida, kai mai shago, kai shugaban 'yan tasha, ke uwar gida da ke sauraro daga bayan labule, kowa akwai wanda ke ƙarƙashinsa. Wani a nan ya san idon direbansa ya raunana, yana jin nauyinsa don abokin mahaifinsa ne. Wani ya san ɗan'uwansa na tauye mudu a rumfar da suka gada. Wani ya san abin da ɗansa ke sha. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, ba komai, ni ban kira suna ba. Kuna ganin shirunku kara ce. To ku sani akwai wani a ƙasan ramin, ya saki jiki yana aikinsa domin ya ɗauka kuna nan a tsaye, kuma ranar da yashi zai zubo, sunanku zai kira.

Ku je ku faɗi maganar tun ƙafar tana lafiya. Allah ya nuna mana aibinmu kafin ya nuna wa mutane, ya ba mu harshen faɗin gaskiya da taushi, ya ba mu kunnen karɓarta in an faɗa mana. Amin.